Gidan da ba za a nuna maka ƙofarsa ba

A wani taron neman gudummawa da na halarta, wanda aka shirya domin gidan mafakar matan da suka gudo daga dukan mazajensu, wani dattijo mai hali ya ɗaga hannu bayan an gama jawabai. Mutumin kirki ne, kuma da niyyar bayarwa ya zo. Ya ce shi a shirye yake, sai dai yana so a kai shi ya ga gidan da idonsa, ya gaisa da matan, in da hali a ɗauki hoto ya nuna wa abokansa don su ma su kawo nasu. Matar da ke shugabantar gidan ta miƙe cikin ladabi ta ce, "Baba, ka gafarce ni, ba ma kai kowa." Ya ce ai gani ya kori ji. Ta ce haka ne, amma dai ba sa kai kowa. Ya koma ya zauna, fuskarsa ta sauya, kuma na lura bai tsaya har lokacin karɓar alkawura ba.

A ranar na ga laifinta. Na ce a raina, mai neman taimako ba ya kafa wa mai bayarwa sharaɗi. Na daɗe da barin wannan ra'ayi. Yanzu ina ganin amsar da ta bayar ita ce babbar shaidar cewa gidan ya cancanci kuɗin dattijon, kuma wannan ne ya sa tara kuɗi domin irin waɗannan gidaje ya fi yawancin gidauniyoyi wuya. Mai gina rijiya yana nuna ruwa. Mai gina makaranta yana nuna yara a aji. Mai riƙe da gidan mafaka kuwa, iyakar ƙwarewarsa a aikinsa ita ce kada ka san titin da gidan yake, kada ka ga fuskar ko mace ɗaya.

Dalilin ɓoyewar yana da nauyi. A shekarar 2023, bisa ƙididdigar hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, an kashe mata da 'yan mata kimanin 85,000 da gangan a faɗin duniya. Kimanin 51,100 daga cikinsu, wato kashi 60 cikin 100, mazajensu ko samarinsu ko wani daga cikin danginsu ne ya kashe su. Mace 140 ke nan a kowace rana. Maza ma ana cin zarafinsu a gida, ba na musun wannan, kuma wanda abin ya same shi ya cancanci a saurare shi. Sai dai a cikin mazan da aka kashe a wannan shekara, kusan kashi 12 ne kawai suka mutu a hannun abokan zama ko dangi. Namiji yakan gamu da ajalinsa a waje. Mace kuwa, sau da yawa a ɗakinta ne, a hannun wanda ya san lokacin barcinta.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ranar da mace ta fita ba ita ce ranar da haɗari ya ƙare ba. Sau da yawa ranar yake tsananta. Wani bincike da wata mai bincike, Jacquelyn Campbell, ta jagoranta a birane 11 na Amurka, wanda aka wallafa a 2003, ya kwatanta matan da abokan zamansu suka kashe da matan da ake duka amma suna raye. Ya gano cewa idan miji mai tsananin kafa-kafa ne, mai bibiyar duk motsin matarsa, kuma ta rabu da shi, haɗarin ya kashe ta yakan ninka kusan sau 9. Wani binciken na 2008 ya nuna macen da mijinta ya taɓa shaƙe mata wuya ta tsira, haɗarin kisanta ya ninka fiye da sau 7. Shaƙewa kuma sau tari ba ta barin tabon da za a gani. Mace za ta zo muryarta a dishe, tana haɗiyar yawu da ƙyar, jikinta babu kumburi ko ɗaya, a ce ai ba wani abu ba ne.

Mutumin da dukansa na mallaka ne, wanda yake ganin matar nan tasa ce kamar yadda takalminsa yake nasa, ficewarta ba ta sanyaya masa zuciya. Nemanta yake yi. Yana kiran ƙawayenta, yana tsayawa a bakin makarantar yara, yana kuka a gaban iyayenta har su tausaya masa su faɗa masa inda take. A zamanin nan ma ba ya buƙatar kowa: wayar da ya saya mata tana iya nuna masa inda take kwana, hoto ɗaya da aka saka a Facebook yana iya fallasa unguwa ta hanyar wani allo ko launin katangar da ya fito a bayansa. Shi ya sa a gidajen mafaka da suka san aikinsu, daga cikin abubuwan farko da ake yi wa sabuwar zuwa akwai duba wayarta. To gidan da ke binciken wayar mace saboda tsoron mutum ɗaya, ta yaya zai buɗe ƙofa ga ayarin masu gudummawa da mai ɗaukar hoto? Dattijon nan ba shi da mugun nufi ko kaɗan. Amma zai ba da labari, direbansa zai ba da labari, kuma magana zarar bunu ce.

Na san abin da wasu ke cewa, don an faɗa mini a fuska. Suna cewa gidajen nan raba aure suke yi, tsakanin miji da mata sai Allah, harshe da haƙori ma sukan saɓa. Gaskiya ne ana saɓawa, kuma babu gidan da ba a samun cacar baki. Amma ba don cacar baki mace ke kwashe 'ya'yanta da tsakar dare ta fita da kayan jikinta kawai ba. Macen da ta kai ga ƙofar mafaka ta riga ta yi haƙurin da aka ce ta yi, ta yi na biyu, ta yi na goma. Ta ɓoye tabo, ta ce faɗuwa ta yi. Ta kai ƙara wurin manya an ce ta koma. Idan akwai wanda ya kashe auren, wanda ya ɗaga hannu ne. Kuma gidan mafaka nagari ba ya yanke wa mace hukunci. Ba ya ce mata ki nemi saki, ba ya ce mata ki koma. Wuri yake ba ta inda za ta yi barci ta farka, ta yi tunani ba tare da tana sauraron ƙarar makulli a ƙofa ba. Abin da za ta yi da aurenta nata ne.

Wasu kuma sukan ce, ina danginta? Tambaya ce mai kyau, kuma mata da yawa dangi ne ke ceton su, Allah ya saka wa irin waɗannan dangi. Sai dai gidan iyaye shi ne wuri na farko da mai nema zai dosa. Akwai iyayen da talauci ya sa ba za su iya ɗaukar baki huɗu ko biyar rana ɗaya ba. Akwai masu tsoron surutun mutane fiye da tsoron gawa. Akwai kuma macen da mijin ya ɗauki shekaru yana raba ta da kowa a hankali, ya ɓata tsakaninta da yayarta, ya hana ta aiki, ya riƙe katin bankinta da takardun makarantarta, har ranar da ta tashi gudu ta duba ta ga babu lambar wanda za ta kira. Wannan rabawar da gangan ake yin ta, tana cikin cin zarafin.

Gidan mafaka na zamani bai daɗe a duniya ba. Wanda aka fi ambata a matsayin na farko shi ne wanda Erin Pizzey ta buɗe a unguwar Chiswick da ke Landan a 1971, wani ɗan ƙaramin gida. Mata suka yi ta zuwa da yara har wuri ya cika ya batse, ana kwana a ƙasa. Ta ƙi mayar da kowa, har hukuma ta gurfanar da ita a kotu kan laifin cunkoso. A 1974 aka buɗe irinsa a Sidni ta Ostareliya, aka buɗe a jihar Minesota ta Amurka. Abin da ya tsaya mini a wannan tarihi shi ne tun ranar farko matsalar ɗaya ce: wuri ya yi kaɗan. Fiye da shekara 50 bayan haka ba ta sauya ba, har a ƙasashen da suka fi kowa kuɗi. A Amurka akwai ƙidayar da ake yi ta rana ɗaya tak a kowace shekara. A ta 2023, a cikin awa 24, an samu buƙatu sama da 13,000 da cibiyoyin taimako suka kasa biya don rashin hali, fiye da rabinsu na wurin kwana ne. A Ingila, a 'yan shekarun nan, kusan 6 cikin kowace mace 10 da aka tura gidan mafaka ba a iya karɓarta ba, kuma babban dalili rashin gurbi ne. Idan haka abin yake a can, mai karatu ya auna yadda yake a ƙasashen da gidan mafaka ɗaya ke ɗaukar nauyin yanki mai mutane miliyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa mata kimanin miliyan 641 ne abokin zama ya taɓa duka ko ya tilasta musu kwanciya. Ba dukansu ke buƙatar mafaka ba. Ko kaso kaɗan daga cikinsu ya fi ƙarfin gadajen da ake da su nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi da mu masu bayarwa. Muna son ba da abin da ake gani. Muna kai tsofaffin tufafi, barguna, kayan wasan yara. Idan mai kuɗi ne, yana so ya gina ɗaki a rubuta sunansa a bango. Duk suna da amfani, ban raina ko ɗaya ba. Amma na tambayi masu wannan aiki abin da ke hana su barci, babu wadda ta ce bargo. Albashin ma'aikaciyar dare suke faɗa, wadda za ta ɗaga waya ƙarfe biyu na dare, ta san tambayar da za ta yi, ta gane daga muryar mai kira cewa mutumin yana kusa kuma ba ta iya magana. Kuɗin haya suke faɗa, da na wuta da ruwa, da na mai gadi da makullai masu ƙarfi. Kuɗin motar da za ta ɗauko mace daga inda ta laɓe. Kuɗin lauyan da zai nemo umarnin kotu na hana mijin kusantar ta, ya kuma tsaya mata a shari'ar riƙon yara, domin mata da yawa tsoron a ƙwace musu 'ya'ya ne ke mayar da su. Kuɗin sake yin katin shaida da takardar haihuwar da aka ƙona ko aka ɓoye. Kuɗin mai kula da yaron da ya ga an shaƙe uwarsa, ya daina magana, ya koma fitsarin kwance yana ɗan shekara tara.

Babu ɗaya a cikin waɗannan da ke yin kyau a hoto. Kuma akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin masu gudummawa, ta cewa kada a taɓa kuɗinsu wajen "gudanarwa", wai su kuɗinsu kai tsaye ga matan zai je. Na fahimci tsoron da ya haifi wannan magana. Amma a gidan mafaka, gudanarwar ita ce taimakon. Idan ka cire ma'aikata, abin da ya rage ɗakuna ne cike da mata masu firgici, babu mai amsa waya, babu mai raka su asibiti ko kotu. Aikin kuma yana cin mai yin sa. Mace ta wuni tana jin labarin da ba ya shiga kunne, ta koma gida da albashin da ba ya kai ta ƙarshen wata, wani lokaci ma mijin wata ya bi ta da barazana. Ƙwararru suna gajiya su tafi, a sake koya wa sababbi daga farko. Wanda ya ba da kuɗi ya ce a biya albashi da shi ya yi wa matan nan abin da barguna ɗari ba za su yi ba.

Sai maganar lokaci. Ranar 25 ga Nuwamba ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 1999 domin yaƙi da cin zarafin mata, don tunawa da 'yan'uwa mata uku na gidan Mirabal da aka kashe a Jamhuriyar Dominika a 1960. Daga ranar zuwa 10 ga Disamba ana gangami na kwana 16, a yi jawabai, kuɗi ya ɗan shigo. Daga nan sai shiru. Amma mai gidan haya ba ya jiran Nuwamba. Shugabar gidan da ba ta san abin da zai shigo a wata uku masu zuwa ba ba ta iya ɗaukar ma'aikaciya, ba ta iya sa hannu a hayar ƙarin ɗaki, ba ta iya ce wa mace ki zauna har ki tsaya da ƙafarki. Ɗan abin da mutum zai riƙa bayarwa duk wata ba fashi ya fi mata babbar kyautar da ta zo sau ɗaya ta wuce, domin da shi ake iya tsara gobe. Shekarar 2020 ta nuna haka ƙarara. Da aka kulle mutane a gidaje saboda korona, kiran neman agaji ya ƙaru a ƙasashe da dama, a daidai lokacin da aka soke tarukan tara kuɗi, aka kuma rage yawan masu kwana a ɗaki don gudun yaɗuwar cuta. A tsibiran Kanari na Sifen har sai da aka ƙirƙiro wata kalmar sirri da mace za ta faɗa wa mai sayar da magani don ya kira mata agaji, Faransa ma ta ɗauki dabarar. Kalmar sirri tana fitar da mace daga gida. Inda za ta kwana bayan ta fito, wannan sai gadon da wani ya riga ya biya kuɗinsa tun kafin annoba.

Za a ce wannan aikin gwamnati ne. Na yarda ɗari bisa ɗari, kuma ina ganin abin kunya ne a ce ran mace ya dogara da ko an sayi tikitin liyafar gidauniya. Yarjejeniyar Istanbul ta 2011, wadda ƙasashen Turai suka ƙulla don yaƙi da cin zarafin mata, ta wajabta wa ƙasashen da suka amince da ita samar da isassun gidajen mafaka, bayanin da ke tare da ita ya ba da mizanin gurbin iyali ɗaya ga kowane mutum 10,000. Ƙasashen Turai da yawa ba su kai wannan mizani ba har yau, Turkiyya kuwa, inda aka sa hannu a yarjejeniyar, ta fice daga cikinta a 2021. Ingila sai a 2021 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin tallafa wa masu zama a irin waɗannan gidaje a dokance. Don haka a ci gaba da matsa wa hukumomi lamba, kada a sassauta. Amma macen da za ta buga waya daren yau ba za ta jira kasafin kuɗin baɗi ba. Akwai kuma wani amfani da gudummawar ɗaiɗaikun mutane ke da shi: tallafin hukuma yakan zo da sharuɗɗa, wance ta cancanta, wance ba ta cancanta ba. Baƙuwar da ba ta da takardun zama, uwar da ɗanta namiji ya wuce shekarun da gidan ke karɓa, mace mai keken guragu da ke buƙatar ɗaki a ƙasa, su ne sukan faɗa tsakanin sharuɗɗan. Kuɗin da ba a ɗaure shi da sharaɗi ba shi ke kama musu ɗaki a wani wuri.

Tsoron dattijon nan dai yana da tushe, kuma ba zan wuce shi ba. Akwai masu cin kuɗi da sunan marasa ƙarfi, kuma sirri mafaka ce ga macuci kamar yadda take ga wadda aka cuta. Wanda ba a nuna masa gida ba yana da haƙƙin a nuna masa wasu abubuwa. Ya nemi shaidar rajistar ƙungiyar. Ya nemi rahoton kuɗi na shekara wanda akanta mai zaman kansa ya bincika. Ya tambayi su wane ne 'yan kwamitin amintattu, kuma ko dukansu 'yan gida ɗaya ne. Ya tambayi gado nawa ne, mata nawa aka karɓa bara, nawa aka mayar. Ya tambayi asibiti, ko lauyoyi, ko ma'aikatan jin daɗin jama'a na yankin ko suna tura mata can. Gidan gaskiya yana amsa waɗannan ba tare da jin haushi ba. Wanda ya kamata a yi shakkarsa shi ne mai saurin turo maka hoton mace da kumburarren ido da cikakken labarinta. Ko da ta ce ta yarda, wace irin yarda ce ta wadda ke kwana a ɗakinka, take ci daga hannunka? Hoton zai zauna a intanet bayan ta warke, ɗanta zai girma ya gan shi, mijin kuma zai gan shi tun kafin nan.

Abu na ƙarshe da nake roƙon mai bayarwa ya shirya wa zuciyarsa shi ne, wasu matan za su koma. Wata za ta yi mako biyu, mijin ya yi ta aiko da ban haƙuri, yara su yi ta tambayar babansu, ta duba ta ga ba ta da sana'a ba ta da ɗaki, ta tattara ta koma. Na taɓa jin wata mai gudummawa ta ce, "To ashe asarar kuɗi muka yi." Ban ga asara ba. Matar ta koma da lambar waya a kanta, ta san akwai ƙofar da ke buɗewa, an zauna da ita an tsara inda za ta ajiye takardunta da maƙwabciyar da za ta ƙwanƙwasa wa idan dare ya yi muni. Mata da yawa sai sun fita sun koma fiye da sau ɗaya kafin fitar ƙarshe. Abin da ake buƙata shi ne ranar da ta dawo ta tarar gidan bai rufe ba, kuma wadda ta buɗe mata ƙofa ba ta ce "ba mun faɗa miki ba".

Ni dai tun da na sauya ra'ayi na sa banki ya riƙa cire wani ɗan abu daga asusuna duk wata zuwa gidan, kuma na rubuta musu cewa su kashe shi inda suka ga ya fi dacewa. Har yau ban san unguwar da yake ba. Sau ɗaya a shekara suna aiko da rahoto na shafuka kaɗan, babu hoto babu suna, sai lissafin kuɗi da adadin matan da yaran da suka kwana a can. A ƙasan shafi na biyu akwai layin waɗanda suka kira aka ce musu babu wuri. Shi nake fara dubawa, kuma tun da na fara karɓar rahoton bai taɓa zuwa babu kowa a kansa ba.